Layar da Na Rataye a Ɗakin Layik

A shekarun fari, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, ni matar gida ce a Matameye, maigidana yana ci-rani a Kano. Ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ina ji da kaina don na iya rubuta sunan ƴaƴana. Babban ɗana yana jami'a a Yamai, shi muke kallo tunda gero ya ƙone a gona.

Da ya zo hutu ya ba ni labarin ɗakin ibadarsu, wai Musulmi da Kirista ke amfani da shi, kowa da lokacinsa. Ya ce ɗakin layik ne. Da Faransanci ashe nufinsa wurin gwamnati ne, ba a rataye alamar kowane addini. Ni kuwa laya na ji, na zaci ɗakin rataye layu ne, kunya ta hana ni tambaya. Da aka fara kamen ɗalibai sai na je garin Dungu, wani malami ya rubuta mini layar tsari, na rubuta sunan yarona a fatar layar da hannuna. Ranar da na raka ƙanwata asibiti a Yamai, na biya jami'a na yi azahar a ɗakin ibadar, na rataye layar bisa ƙofa.

Kiristocin suka ce an ci amana, su ma za su kafa gicciyensu. Masu wa'azin cikin Musulmi suka ce shirka ce, suka daina bin ɗana salla, shi da ke yi musu limanci. Har aka ba hammata iska. Hukuma da ma neman dalili take, ta rufe ɗakin, ta kori mai sunan da ke jikin layar. Ba wanda ya tambaye shi, balle ni. Masu gemu da masu gicciye, duk da iliminsu, an rasa mai cewa a bincika. Har yau raina bai huce da su ba. Da yarona ya dawo gida, abin da ya ce kawai shi ne, "Inna, rubutunki ya yi kyau." Ya bi ubansa Kano dako.

Iyaye ƴan'uwana, idan ɗanku ya faɗi kalmar boko, ku ce ya maimaita da Hausa. Ku kuma masu karatu, kafin ku yi wa ɗan mutane taron dangi, ku tambayi hannun da ya rataye.