Hutun da Aka Ba Iya

Da an gama girbi a ƙauyenmu na wajen Buji, sanyi ya fara shigowa, Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba. Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. Tatsuniyarta ba a jin ta a banza. Kowa sai ya ja ƙwaryar gyaɗa yana ɓarewa, kuma ba ta fara sabuwa sai wani cikinmu ya maido mata ta jiya. In ka yi tuntuɓe, ka sha ɓawon gyaɗa a goshi.

Ni ne abokin tsokanarta. "Angona," take ce mini, "kanka kamar tulu, amma ba ya riƙe ruwa. Da wannan kan za ka riƙe ni?"

Nata kan kuwa ba ya yoyo. Ta san dangin kowa a garin har kakannin kakanni. Da safe ta yi tilawar surorinta, ta taka zuwa gona, a hanyar dawowa ta bi gida-gida gaisuwa. In an ce ta huta sai ta ce, "Ranar hutu tana nan tafe, ba sai kun kira ta ba."

Tatsuniyar da na fi riƙewa ita ce ta mai rijiya. Wai wani mutum ya haƙa rijiya mai ruwa garai-garai, gari duka ana ɗiba. Tsabar son da yake mata, sai ya ji tsoron kada a ƙarar da ita. Ya rufe bakinta da faifai da dutse, ya hana kowa zura guga, har shi kansa. Shekarar da fari ya zo, ya buɗe da murnarsa, ya tarar idon ruwan ya toshe, sai laka. "Rijiya da guga take rayuwa," Iya za ta ce, ta kakkaɓe zaninta. "Ta ƙare. Ku tashi, ɓerayen gyaɗa."

Ina makarantar kwana lokacin da Kawu, ƙanin babanmu, ya gina gida a Takur cikin Dutse, ya ce uwarsa ta gama wahala, ya ɗauke ta zuwa can. Gari duka aka sa masa albarka. Aka ba ta ɗaki da fanka da talabijin. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe. In ta nemi gyaɗar ɓarewa a ce, "Haba Iya, so kike a zage mu?" Gidan da katanga da ƙofar ƙarfe, ba maƙwabciyar da ta sani, jikoki kuma kowa da wayarsa. Wallahi ƙauna ce zalla, babu mai mugun nufi a gidan nan.

Da farko sunaye suka fara kuɓuce mata, sannan raka'o'in salla. Likita ya ce tsufa ne, ba wanda ya isa ya tare shi, amma tafiya da hira da aikin hannu suna rage masa gudu. Lokacin magana ta riga ta yi nisa.

Zuwana na ƙarshe, na tafi da gyaɗa a leda, ina fatan ko sau ɗaya ta ce mini angona. Hannunta bai manta ba, ta shiga ɓarewa. Na ba ta tatsuniyar mai rijiya tun daga farko, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Bawan Allah, ka iya," ta ce. "Wa ya koya maka?"

"Kakata ce, Iya."

"To ka riƙa zuwa kana zama da ita. Tsoho ba abinci kaɗai yake so ba."

Na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Damina ba ta zagayo ba ta rasu.

Yau mahaifiyata ce a gidana, ita ma furfura ta rufe mata kai. Baƙi kan zo su tarar tana tsince shinkafa, ko ta fita unguwa da ƙafa, su dube ni a kaikaice. Na san abin da ake faɗa a bayana, wai na bar tsohuwa tana wahala. Ina jin zafinsa, amma ba na karɓe mata faifan. Da yamma nakan tura mata yarana, in ce kada su dawo sai da tatsuniya a bakinsu. Jiya na ji ta tana ce wa ƙaraminsu wai kansa kamar tulu ne, na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.