Ranar da Rana Ta Fito Bayan Shan Ruwa

Har gobe ban manta da yammacin nan na azumin da ya faɗo cikin damina ba. Lokacin ina ƙaramin mai haɗa manhaja a wani ofishi a Daura, ina jin kaina kamar ni na ƙera wayar.

An ba ni aikin manhajar lokutan salla. Irin wannan manhaja kashi biyu ce: akwai shafin da mutum ke gani, akwai kuma ɓangaren da ke magana da wayar kanta, shi ke kaɗa ƙararrawa. Shafin na aro shi ne daga wani aiki da muka yi wa mutanen Maiduguri. Da an buɗe shi, wani umarni na JavaScript da ke cikin shafin zai sauya lokacin zuwa na Daura a allo. Amma in ɓangaren wayar ya tambayi gurbin da aka ajiye lokacin, tsohon lokacin Maiduguri ake ba shi. Gurbi ɗaya, amsa biyu. Shugabarmu ta tambaye ni, "Nura, ka gwada?" Na ce, "Hajiya, da idona na gani." Allon kawai na kalla.

Don burga, na sa wa Kawu Sani, ladanin masallacin unguwarmu, a wayarsa.

Ranar hadari ya rufe yamma ruf. Waya ta yi ƙara, Kawu ya kira salla, unguwa ta sha ruwa. Ina cikin kurɓar kunu hadarin ya yaye, sai ga rana jawur a kan rufin makwabta. A Maiduguri ta faɗi, a Daura da saura.

Na sami Kawu a ƙofar masallaci, na durƙusa. Ya ce, "Tashi, ɗan nan. Zo ka raka ni."

Gida-gida muka bi. A kowane zaure sai ya yi sallama ya ce, "Ku rama azumin yau. Ni na kira salla ban tabbatar ba, ku yafe mini." Wani dattijo ya ce, "Haba Ladan, da girmanka?" Kawu ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a bayansa, ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa nake takura muku, abokan aikina, ku tambayi shafi, ku tambayi waya, sai amsarsu ta zo ɗaya. Mu muke kuskuren a ofis, amma wani ne ke zuwa ba da haƙuri.