Ba Zan Ba 'Yan Gwangwan Kwamfutocin Yaya Sabi'u Ba

Da azumin da ya wuce Yaya Sabi'u ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na so bana ma in yi masa addu'a in ja bakina kamar kowace shekara, amma kwamitin makarantarmu bai bar ni ba.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran kwamfuta yake yi a zauren gidanmu a Yakasai, kuma mutum ne mai taurin kai, in ka ce masa abu ya mutu sai ya ce kawo in gani. Ni kuwa malama ce a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Shi ya bi abokansa ya tattaro tsofaffin kwamfutoci tara da aka jingine, ya karkaɗe su, ya sa musu Linux, ya jera mana a ɗaki guda. Linux ita ce manhajar da ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, kuma babu mai hana ka kwafarta ko gyara ta.

Dattawan kwamiti sun yi ɗari-ɗari. Shugabansu, Alhaji Ɗanlami, ya ce abin da ake rabawa kyauta haka, anya ba na sata ba ne? Yaya bai yi musu ba. Ya shiga gida ya ɗauko wani littafin kakanmu na rubutun hannu, ya nuna masa gefen shafi inda mutum uku suka yi gyara da tawada daban-daban.

"Alhaji, wannan aro aka yi aka kwafa. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya miƙa wa na gaba. Sata ce?"

Alhaji ya ce a'a.

"To ita ma haka take."

Dokokin Yaya ba su da yawa, kuma har yau da su muke aiki. Kada a sa manhaja a kwamfuta sai an fara gwada ta daga filashi, a ga ko sauti da intanet suna yi. Tsohuwar na'ura a nema mata nau'in Linux mara nauyi. Kafin a taɓa komai a kwashe takardu a ajiye a wani wuri. Wadda ya fi nanatawa ita ce, kada ki kwafo umarni daga intanet ki zuba alhali ba ki san aikinsa ba. Ni na fara karya ta, na shafe sakamakon jarrabawar aji biyu da hantsi ɗaya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ƙi sa hannu, sai da na dawo da su da kaina daga ajiyar da ya tilasta mini yi. Kwana uku ban gaishe shi ba.

Yanzu wani bawan Allah mai hali ya yi alkawarin kawo mana sababbi. Allah ya saka masa da alheri. Sharaɗin ne ya tsaya mini a wuya: ba a buɗe su, ba a sa musu komai, in sun sami matsala a jira ma'aikacinsa. Da yake ɗakin guda ne, kwamiti ya yanke a kira 'yan gwangwan su auna tsofaffin su kwashe.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce. Ba zai ƙi sababbi ba, yana son sabon abu kamar me. Amma zai tambaya, ranar da suka tsaya, wa aka yarda ya riƙe sukudireba? Ba zan yi ƙarya ba, namu suna da nawa, firinta ma takan kwana biyu tana yi mana gardama, uku kuwa sun mutu murus. Sai dai a cikin matattun nan Hajiya Tabawa, mai shekara sittin da ɗoriya, ta koyi ciro kaya ta raya wata. Ta zo mana tana tsoron taɓa maɓalli, bara ita ta sa wa jikarta Linux a laftof.

A taron makon jiya Alhaji Ɗanlami, da tsufa ya kama shi yanzu, ya dube ni da tausayi. "Malama Hadiza, tsohon ƙarfe ne fa. Kewar ɗan'uwanki ce ke damunki."

Na ce, "Baba Alhaji, ina kewarsa, ban musa ba. A kawo sababbin a sa a ofis, muna godiya. Amma ɗakin da mata ke buɗe na'ura da hannunsu ba za a mayar da shi wurin kallo ba."

Na san ƙarfen nan zai ƙare, wataƙila ma kafin ni. Abin da Yaya ya bari shi ne matan unguwar nan da in kwamfuta ta tsaya ba sa tashi neman wani, kujera suke gyarawa su matso. Wannan ba na sikeli ba ne, kuma raina ya ɓaci da har aka yi tunanin aunawa.

An ce 'yan gwangwan za su zo ranar Asabar da baronsu. Ni da Hajiya Tabawa za mu riga su zuwa. Makullin ɗakin yana ƙulle a haɓar zanina, duk dattijon da yake so ya zo ya kwance da kansa.