Su Zuƙe, Ni In Mayar

'Yata ta fari ta haihu, ta dawo gidana a unguwar Kilomita Biyar wankan jego. Ba na kiran sunanta. 'Yar fari ce, haka muka gada.

Na dafa ruwa da ganye, ta yi wanka. Na dama kunun kanwa, na kai mata. Ta kau da kai.

"Mbi ye ape," ta ce da yaren Sango. Yaran yanzu da Sango suke ƙin abu.

"Faɗa da Hausa in ji."

"Ba na so, Inna. Yana sa tumbi."

Washegari ma haka. Naman da na gasa mata ta tsakura ta ture. Sai da na matsa ta fito da waya ta nuna min hoton wata mata, ciki kamar faranti. Ta ce akwai asibiti a Duwala. Ana huda fata, a zura ƙarfe mai rami, a zuƙe kitsen ciki da na kwiɓi. Tana gama arba'in za ta tafi.

Ban yi boko ba, amma na san kitse. Lokacin rikici da aka rufe unguwar nan, ba shiga ba fita, yarinyar nan ba ta kai aure ba. Ko unguwar Miskine da ke kusa ba ma iya leƙawa. Garin rogo na riƙa damawa da ruwa, in ba ta nawa in ce na ci. Haƙarƙarinta ana ƙirgawa ta cikin riga. Da hanya ta buɗe, na koma suyar ƙosai a bakin Titin Koudoukou, na ɗura mata abinci har ta yi kumatu. Naman da ke jikinta ni na sa shi.

Na ce a raina aikin mijinta ne. A wurinmu suruka ba ta tsayawa gaban suruki. Tun da ya aure ta ban taɓa kallon idonsa ba. In ya shigo gaisuwa, daga bayan labule nake amsawa. Ran nan na yafa mayafi, na hau mashin, na sauka a ƙofar shagonsa. Yana auna wa wani shinkafa. Da ya gan ni kwanon ya suɓuce masa. Ya durƙusa.

"Tashi," na ce. "Tunkiya ka aura, da za a feɗe maka ita?"

Maƙwabtan shago suka leƙo. Kansa na ƙasa ya ce, "Wallahi Inna ba ni ba ne. Roƙonta nake ta bari. Ni haka nake son ta."

Na dube shi da kyau, karon farko. Ba ƙarya a fuskarsa. Na juya. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Mata suna cewa tsohuwa ta zubar da kunya a kasuwa. Su ce. Na binne maƙwabta a tsakar gida saboda an tare hanyar maƙabarta, surutu ba ya kashe ni.

Na sami 'yar tawa tana ba da nono.

"Ashe ke ce."

"Ni ce. Jikina ne, Inna."

"Wa ya ciyar da shi?"

"Ke. Amma ni ke ɗauke da shi."

Ta dube ni ido cikin ido, ba ta ƙifta ba. Nan na gane jinina. Na ce mata to, amma ba mai huda ta da jariri a nono. Sai ta yaye. Kafin nan kuma abin da na dama shi za ta sha, ko in bi ta Duwala in zauna a ƙofar likitan da kaskon suyata. Ta san zan aikata. Ta ɗauki kwanon ta shanye.

Ta yaye, ta tafi. Ban raka ta ba, ban kuma hana ta ba. Ta dawo tana tafiya a duƙe, an ɗaure ta da wata riga mai matsewa, cikin duk ya yi shuɗi-shuɗi. Gidana ta sauka. Ni na gasa mata jiki, ni na wanke rigar.

Yanzu cikin ya lafe, tana ta juyi gaban madubi. Duk Juma'a tana zuwa da yaron. Ina zuba mata tuwo da man shanu, in zauna a gabanta har ta share kwanon.

"Inna, so kike ki ɓata aikin likita?"

"Shi ya yi nasa. Ci."