Gangar Kawu Haladu Mai Cin Rana

Duk wanda ya san Kawu Haladu ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana?" sai ya kare ido da hannun dama ya ce, "Tsaya tukuna in ga abincin yarinya." Yarinyar kuwa wani ɗan akwatin kiɗa ne mai maɓallai, bai fi faifai girma ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ke ɗaukarsa a babur, don haka na sha wahalar yarinyar nan fiye da kowa a Wudil.

Kawu makaɗin gangar noma ne tun kaka da kakanni. Kowane gidan manoma daga nan har Dagumawa yana da takensa a kansa. Da hawan jini ya shanye masa hannun hagu, abin da ya fi cin ransa bai wuce taken nan ba, don babu wanda ya gaje shi. Yakan ce, "Hannu ya riga ni mutuwa, kuma zai tafi da taken mutane."

Sai Allah ya kawo Yohanna, wani ɗalibin jami'a mai haɗa kiɗan zamani. Ya zo da akwatinsa, yana ɗaukar sauti ya zuba a maɓallai, kowane maɓalli da muryarsa. Kawu ya buga ganga da hannu ɗaya, Yohanna ya ɗauki bugun daki-daki, ya nuna masa yadda ake jera su su yi ta zagayawa. Ran da Kawu ya danna da yatsa ɗaya ya ji taken gidan Sarkin Noma ya fito cif, sai ya ce, "Kai ɗan nan, uban wa ya koya wa kwano kiɗa?" Da Yohanna ya gama karatu, sai ya bar masa akwatin kyauta.

To, nan fa aka fara. Kun san makaɗa: in ganga ta yi sanyi, rana ake sa ta fatar ta ɗame. Ran da sautin akwatin ya fara ja da baya, sai Kawu ya sa aka ɗora shi a kan rufin kwano, kusa da shanyar tattasai. Kafin azahar fuskar akwatin ta yi baƙi ƙirin, ba ya ko tari. Na tarar da Kawu yana masa fifita da mafici.

Na ce, "Haba Kawu, caji yake so! Kawo in kai shagon masu cajin waya."

Ya ce, "Gangata? A jera ta da wayoyin 'yan tasha ta kwaso gulma? Zazzaɓi ne, zai sauka."

Ya kuwa sauka, don da ya huce ya farfaɗo. Na kira Yohanna na ba shi labari, ya yi dariya har da tari, ya ce in sayo ɗan farantin sola da fawa-banki, wato batirin ajiye caji. Da na kawo, Kawu ya jujjuya farantin ya ce, "Wannan me yake ci?"

Na ce, "Rana."

"Shi kuma ya ba wa?"

"Ganga."

Ya dubi mutanen ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To me na ce tun farko? Kowace ganga rana take ci. Turawa ma sun dawo hanya."

Daga nan ya sa aka ɗinke farantin a saman malafarsa, waya ta zaro ta bayan kunne ta shige aljihu. Wallahi tun daga ranar ban ƙara tsayawa a inuwa da shi ba. In na nufi gindin darbejiya sai ya dunguri bayana: "Fita, rago! Yarinya na cin abinci." Ina zufa sharkaf, shi kuwa yana ƙarƙashin malafa lafiya lau.

Ga rowar caji kuma, sai dai a yi shiru. Wata rana mai unguwa ya tsaya, wayarsa ta mutu, ya ce, "Haladu, ɗan sam mini wuta in yi kira." Kawu ya cire malafa ya rusuna da ladabi, ya nuna sama ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta can, ta kowa ce, ko ni ban saya ba."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta gayyar Dagumawa, gayyarsa ta farko tun da ya kwanta ciwo. Mutane sun jeru da garemani, wasu na ƙus-ƙus wai a ga yadda kwano zai yi kiɗan noma. Ga hadari ya rufe gari tun jiya, fawa-banki fanko, jar fitilar akwatin sai ƙiftawa take. Na ga gumi a goshin Kawu, na san in abin nan ya mutu a gaban jama'a, shi ke nan Kawu ba zai ƙara fitowa ba. Sai ya ƙura wa babur ɗina ido.

Na ce, "A'a, Kawu."

Ya ce, "Batirin nan, ba da shi kake cajin waya ba? Ciro shi. Babur da ƙafa ake tayar da shi."

Na ciro, na haɗa da cajar babur, muka jona lasifika. Kawu ya danna. Taken gidan Malam Iro ya tashi, sai ga tsohon nan Iro, wanda jikoki suka riƙo, ya jefar da sanda ya fizge garma! Gona ta kaure da guɗa. Kawu na danne-danne da yatsa ɗaya, hawaye na zuba, yana cewa wai ƙasa ce ta faɗa masa ido. A hanyar dawowa babu hon, don ya ƙi mayar mini da batiri, sai dai in akuya ta gitta ya danna mata taken Sarkin Noma.

Akwai maɓalli ɗaya a kusurwa da ya hana kowa taɓawa. Ko ƙuda ya sauka a kai sai ya kore shi. Kawu ya rasu da bazara. Da damina ta kama, mutanen Dagumawa suka aiko wai a zo da yarinya ko da ba makaɗi. Na ɗauko ta ina share ƙura, zuciyata ta ƙi haƙuri, na danna maɓallin nan. Sai muryarsa ta fito, har da gyaran murya:

"Wa ya ce ka taɓa? Na san kai ne, mai babur. To tunda ka taɓa, kai ne makaɗin. Ka sa ta a rana."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuka ya ƙwace mini. Na je gayyar da malafarsa a kaina, kuma yanzu yara biyu na zuwa suna sauraron akwatin suna koyon taken a kan gangar fata.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu, ya yafe masa kurakuransa. Shi da ya hana kansa inuwa don taken mutane, Allah ya sa shi a inuwar rahamarsa. Amin.