Gidan da Ba Shi da Ƙasa

A shekarun da kuɗin mai suka hau wa ma'aikata ka, aka yi wa maigidana ƙarin girma, aka mayar da shi Ƙanƙara. Malamin gona ne. Muna da 'ya ɗaya da ta fara wayo, ni kuma ciki ya tsufa. Haihuwar fari a gidanmu na yi ta, a Daudawa, kamar yadda aka saba. Ta biyu kuwa a ɗakin miji ake yi, saboda haka maganar inda za mu zauna ba ƙaramar magana ba ce a wurina.

Gida biyu aka samu. Na farko a cikin gari yake, sashe ne a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Hajiya, ƙawar goggona tun suna 'yan mata. Muka je gani, ni da Goggo da Malam. Gida ne na ƙasa mai zaure biyu, da rijiya a tsakar gida, da awaki, da surukan Hajiya suna daka, da yara ko'ina. Kafin mu gama gaisawa 'yata ta ɓace cikinsu. Hajiya ta dubi cikina sau ɗaya, ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan ɗakin. Ta ce, "Ga makewayinki nan, ga murhun ruwan wanka. Icce ba ya yanke muna a gidan ga." Ni dai a raina na riga na tare.

Amma ba mu kaɗai muka je ba. Malam ya taho da wani abokin aikinsa, wanda a zuciyata nake kira Ɗan Kaduna. Haifaffen Sheme ne, na san gidansu, na san rumfar da ubansa yake sayar da rogo a bakin hanya. An tura shi kwas Kaduna na 'yan watanni, ya dawo da baƙin tabarau, tun daga nan tuwo ya daina ciwuwa gare shi sai da cokali. Ko zauren farko bai wuce ba. Ya tsaya ya toshe hanci da hankici, kamar ba a cikin warin awaki aka yaye shi ba.

Ina fitowa na ji yana cewa, "Haba Malam, babban ma'aikaci kamarka? Ka yi tunanin yara mana. Nan za su tashi cikin kashin dabbobi su kwashi ƙauyanci. Kwatas kuwa ga iska, ga shiru, ba mai shiga harkar wani. Wurin tarbiyya ke nan."

Mai wannan huɗuba a kan tarbiyya ko mata ba shi da ita a lokacin, balle ɗa. Amma Malam yana ta gyaɗa kai kamar ana karanta masa hadisi.

Gida na biyu a kwatas ɗin nan yake, wato gidajen ma'aikatan gwamnati. A bayan gari aka gina su, inda a da gonakin dawa ne. Gidaje ne iri ɗaya a jere, kamar an ajiye kwalayen sabulu. Babu zaure. Kana buɗe ƙofa sai ka faɗa falo, baƙo da mai gida da matar gida duk a tukunya ɗaya. Babu katanga, sai waya da aka ja iya ƙugu, wadda ko kaza ba ta ɗauke ta da muhimmanci ba. Akwai masai na zama, fari fes, da famfo a kowane lungu, wanda in ka murɗa sai ya yi maka tsaki ya yi shiru. Ruwa sai an jira 'yan garuwa daga cikin garin nan da aka ce ƙazanta ta yi masa yawa.

Sai siminti. A shekarun nan an yi haukan siminti kamar an ce gobe za a daina yin sa. Ɗan kwangilar da ya yi gidajen, don a san ya yi aiki, ya malala shi tun daga bakin ƙofa har gindin waya, gaba da baya. Malam ya buga ƙafa a kai yana murmushi, ya ce ko da damina 'yarmu ba za ta taka taɓo ba. Na ce masa ni gidan Hajiya nake so. Ya ce ban san ci gaba ba.

Muka tare. Ni matar kulle ce, a gidan da ba katanga kuwa kulle na nufin ɗaki. In na fito shanya, duk mai wucewa a keke sai ya ƙare mini kallo. Na roƙa a kafa mini zana, aka ce mai kula da gidajen ya hana, wai tana ɓata tsari. Maƙwabta akwai su, matan manya, masu gaisuwa ta taga da 'yan yatsu biyu. Ban taɓa jin sallamar ɗaya daga cikinsu a ƙofata ba. Yaransu a ciki ake rufe su kada su haɗu da na wani. 'Yata, da aka yi duk wannan dominta, ta koma zama a kan simintin tana hira da ƙadangaru.

Da watan haihuwata ya kama, Goggo ta zo daga Daudawa ta zauna da ni. Ranar da naƙuda ta tashi, Malam ya riga ya hau babur ya tafi Ƙetare duba gonakin auduga. Da hantsi na sauka, namiji. Goggo ta yanke cibiya, ta gyara ni, ta wanke mabiyya, wato abin da ke biyo jariri, ta sa a tsohuwar tukunya ta rufe da faifai.

A wurinmu mabiyya ba shara ba ce. A cikin gida ake binne ta, a bayan ɗaki, daidai inda mai jego take wanka, ruwan zafi yana sauka a kanta har a yi arba'in. Ba a kai ta inda kare ko mugun mutum zai tone. Tawa tana bayan ɗakin uwata, ta 'yata ma tana kusa da ita. In aka tambayi mutum inda aka binne cibiyarsa, gidansu ake tambaya. Ni ba abin da nake so wa yaron nan a ranar kamar ya samu amsar wannan tambaya.

Goggo ta ɗauki fartanya ta fita. Ina kwance ina jin ta tana zagaya gidan, ƙwas a nan, ƙwas a can. Ta daɗe. Sai ga ta ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, fartanya a hannu.

Ta ce, "Ke, gidan ga ba shi da ƙasa."

Na ce ta duba bayan waya. Ta ce bayan waya burtali ne, shanu da karnuka ke bi, ita ba ta jefa jininmu a hanya. Ta ɗauki tukunyar ta kai falo, ta aza ta a kan teburin tsakiya, wanda Malam ba ya bari ko kofi a ɗora sai da 'yar shimfiɗa. Ta zauna a kujerar kushin ta harɗe hannu.

Da la'asar Malam ya dawo, Ɗan Kaduna a bayansa. Labari ya riske su a ofis, suka shigo baki har kunne. Ƙofar ɗakina a buɗe take, ina ganin komai. Malam ya durƙusa ya gaida Goggo, ta yi masa barka, sannan ta nuna tukunyar.

Ta ce, "Malam, a samo diga a hwasa mini wuri a bayan ɗaki. Kamu ɗaya ya isa."

Ya ce, "Goggo, ai gidan gwamnati ne. In na fasa, tuhumata za a yi."

"Ɗan kuma na wa ne? Na gwamnati?"

Nan Ɗan Kaduna ya sa baki, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce a asibitin Kaduna ba mai waiwayar irin wannan abu, an wuce wurin. Ya ce a zuba a masai kawai a kora da ruwa.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Da wane ruwan?"

Na so in yi dariya, amma idona yana kan Malam. Shi ma tasa tana binne a gidan ubansa, ya sani sarai. Diga kuwa ga su can jibge a sito na ofishinsu. Abin da ake nema a wurinsa bai fi faɗin faifai ba. Na ga ya ɗaga kai, bai dubi Goggo ba, bai dubi ɗakin da ɗansa yake kwance ba, fuskar abokinsa ya duba. Sannan ya ce, "Goggo, a yi haƙuri, a nemi wani wurin."

Na raina shi a ranar. Mun yi zaman aure mai tsawo bayan haka, mutumin kirki ne ta fuskoki da yawa, amma wannan rainin bai taɓa fita daga raina duka ba. Tsoron tuhuma ma da sauƙi. Kunyar mai baƙin tabarau ya ji.

Goggo ta yafa mayafi, ta rungumi tukunyar a ciki, ta kama hanyar gari a ƙasa. Sai bayan magariba ta dawo hannu wofi. Ta ce da ta isa gidan Hajiya ta buɗe mayafin, Hajiya ba ta tambaye ta komai ba. Ta ɗauko fartanyarta, ta wuce bayan ɗakin nan da ta nuna mini, ta haƙa da hannunta. Daga baya na ji cewa kullum da safe sai ta dafa ruwa ta zuba ƙwarya guda a wurin a madadina, har na yi arba'in. Ni kuwa a banɗakin zamani na yi nawa wankan, ganyen darbejiya yana toshe magudana, Malam yana mita.

Kafin in yaye yaron aka sake yi mana canji zuwa Sabuwa. Ranar da muka loda kaya, ko labule ba a ɗaga ba a kwatas.

Yaron yana makarantar sakandare muka bi ta Ƙanƙara a motar Malam. Muka wuce kwatas, simintin ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsakiya, awaki kwance a barandar manya. Na ce a tsaya a gidan Hajiya. Ta rasu da jimawa, amma muna yin sallama na faɗi ko ni wace ce, mata suka ɗau guɗa suna cewa ga ɗan gida ya zo. Yaron da bai taɓa kwana a gidan ba, aka ja shi bayan ɗaki aka nuna masa wurin. Malam bai fito daga mota ba.

Babban ɗan Hajiya, wani dattijo, yana zaune a zaure. Ya leƙa waje ya tambayi yaron, "Wane ne wancan cikin mota?"

Ya ce, "Babana ne."

Dattijon ya ce, "To tahi ka ce ma baƙon naka shi shigo shi sha ruwa."

Yaron ya je bakin tagar motar ya faɗa masa haka, bai rage ko kalma ba. Ina tsaye a zaure ina jin sa. Na gyara mayafina na koma ciki.