Marurun Inna da Hanyar Ƙwanni

Yawancin mutanen gidanmu na Illela sun ce zafi ne ke sa Inna maruru. Wasu suka ce sammu. Duk ba su gane ba, tsoro ne.

Lokacin an rufe iyaka, amma Yaya bai daina bin daji da babur zuwa Ƙwanni da kaya ba. Duk tafiyar da ya yi, sai maruru su feso wa Inna a wuya, baki ya fashe, zazzaɓi ya kwantar da ita. Shi ne ɗan farinta, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta tambayi ko ya dawo. Saboda wannan kunya babu wanda ya haɗa ciwon da shi. Sai jiƙe-jiƙe ake ɗura mata.

Da na gaji, na ja ta asibiti. Malamin asibitin ya dube ta ya ce, "Inna, mi ad damuwarki?"

Ta ce, "Babu komi."

Na ce, "Akwai! Ɗanta na daji."

Ta harare ni kamar ta mare ni.

Malamin ya ce ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna da wurin karɓar saƙo daga jijiyoyi. In saƙon fargaba ya yi ta zuwa, sai su yi sanyi, ƙaramar cuta ta samu hanya.

Inna ba za ta taɓa roƙon Yaya ya daina wannan tafiya ba. Na yanke shawara ranar da ya dawo zan tare shi a zaure, in faɗa masa abin da ta kasa faɗi, kuma ba zan matsa daga gaban babur ɗin ba.